Ƙari A Wuyan Mai Juna Biyu: Wane Hoto Ya Dace Kafin Tiyata?

A cikin wuyan mutum akwai wasu ƙananan halittu, galibi guda 4, da ake kira faratairod, kowacce kamar ƙwayar shinkafa. Aikinsu daidaita sinadarin kalsiyam a jini. Wani lokaci ƙari kan fito wa ɗaya daga cikinsu, galibi ba na daji ba, sai kalsiyam ya yi yawa. Ga mai juna biyu hakan kan iya jawo yawan amai, tsakuwar ƙoda da hawan jini, jariri kuma ya yi jijjiga bayan haihuwa.

Gwajin jini ne ke tabbatar da ciwon, hoto kuwa shi ke nuna wa likita inda zai yanka. Akan fara da sikanin wuya, irin wanda ake yi wa ciki lokacin awo, domin ba ya cutar da ɗan tayi. In bai nuna ba, sai hoton MRI ba tare da allurar rini ba. Hoton sestamibi da na CT kuwa suna da tiririn radiyeshan, shi ya sa akan guje musu. Idan tiyata ta zama dole, an fi yin ta daga wata na 4 zuwa na 6.

'Yar'uwa, kafin kowane hoto ki sanar da ma'aikata kina da ciki, ko da zato kike yi.