Ƙanƙarar 'ya'yan itace: yadda ake yin ta a gida cikin rabin awa

Daga watan Maris zuwa watan Mayu, zafi a jihar Maraɗi yakan wuce digiri 40. A wannan lokaci duk motar da ta tsaya a tashar Gazawa, ko Agye, ko Caduwa, ko Gidan Runji, kafin direba ya kashe inji 'yan talla sun kewaye ta da kuloli da bokitai. Abin da ke ciki ƙanƙara ce a ƙulle cikin leda: ja ta yakuwa, fara ta 'ya'yan kuka, da ta tsamiya, da ta kunun aya. Ƙulli ɗaya dala biyar ko dala goma. Sana'a ce ta mata, kuma gidaje da dama da ita suke sayen gishiri da sabulu da littafin yaro. In azumi ya faɗo cikin bazara, kamar yadda ya yi daga 2020 zuwa 2023, cinikin yakan ƙaru ƙwarai.

Amma yawancin abin da ake sayarwa dutse ne. Mai saye ya tsotse zaƙin cikin minti biyu, ya bar farar ƙanƙara marar ɗanɗano ya yar. Akwai wata irin da ta fi wannan, mai laushi, wadda ake ɗiba da cokali kamar dambu mai danshi. Faransawa suna kiranta sorbe. Asalin kalmar daga Larabci take, daga kalmar da ke nufin sha. Ta bi ta wajen Turkawa ta shiga Italiya, sannan ta isa Faransa. Ba madara a cikinta, ba ƙwai. Ruwan 'ya'yan itace ne da sukari kawai.

Abin da ke kawo laushi

A Turai masu yin ta a gida sukan ƙara cokali ɗaya ko biyu na wata barasa mai zaƙi da ake yi da 'ya'yan itace. Ba ɗanɗano kaɗai suke nema ba. Ruwa yana daskarewa a digiri 0, amma tsantsar barasa ba ta daskarewa sai sanyi ya wuce digiri 100 ƙasa da sifiri. Saboda haka ɗan abin da suka zuba yana hana haɗin ya zama dutse.

Musulmi ba ya buƙatar wannan hanya, kuma bai rasa kome ba. Sukari yana yin aikin. Duk abin da ya narke cikin ruwa yana jinkirta daskarewarsa. In sukari ya isa, wani sashe na ruwan ba ya daskarewa sam, sai ya zama kamar zuma tsakanin 'yan ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara. Nan laushin yake. Ma'aunin da ya dace shi ne rubu'in kilo na sukari ga lita ɗaya ta ruwan 'ya'yan itace, wato kilo ɗaya ya ishi lita huɗu. In aka rage ƙwarai, sai a sami dutse. In aka zarce, sai ya ƙi kamawa, ya tsaya kamar kunu. Mangwaro da ya nuna sosai yana da nasa zaƙin, don haka a rage masa. Tsamiya da yakuwa kuwa suna son cikakken ma'auni. A tuna kuma sanyi yana dushe ɗanɗano: haɗin da ya yi daidai a baki kafin a daskarar da shi, bayan ya daskare sai a ji kamar zaƙin ya ragu.

Zuma ta fi sukari kawo laushi, sai dai tsada. Ƙaro ma yana taimakawa: a jiƙa cokali ɗaya na dakakken ƙaro mai tsabta, a tace, a zuba cikin lita guda. Farin garin 'ya'yan kuka shi da kansa yana da kauri, shi ya sa ƙanƙararsa ta fi ta yakuwa daɗin tauna ko da an yi su a firigo ɗaya.

Abu na biyu shi ne motsawa. Ruwan da aka bari ya daskare a zaune yana yin manyan ƙwayoyi masu kaifi. Wanda ake juyawa yana kamawa, ƙwayoyinsa ƙanana ne, harshe ba ya jin su.

Kayan suna nan a gona

Gundumomin nan uku ba su rasa abin yi ba. Ana shuka yakuwa a gefen gonakin hatsi kusan ko'ina. Ƙasar Agye da Caduwa da Gazawa ta yi suna wajen noman aya. Lambunan Gulbin Maraɗi, daga Madarumfa da Jiratawa har Tibiri, suna ba da mangwaro da lemun tsami, ga kankana da gwaba a lokacinsu. Goruba tana nan a kwarin Gulbin Kaba. Tsamiya da kuka da magarya kuwa sun sake yawaita a gonaki tun da manoma suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon itace ya girma maimakon a sare shi. Wannan aiki ya faro a yankin Maraɗi a 1983, kuma ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye ya shahara da shi har baƙi daga wasu ƙasashe suna zuwa gani.

Haɗin bai da wuya. Yakuwa: a wanke busasshen zoɓorodo cikin tafin hannu biyu, a tafasa cikin lita ɗaya da ɗan citta da kanumfari, a tace, a zuba sukari tun da zafi. Tsamiya: a jiƙa ta cikin tafasasshen ruwa, a murje, a tace da mataci mai laushi. 'Ya'yan kuka: a jiƙa cikin ruwan da aka tafasa ya huce, a dama har garin ya rabu da ƙwallon, a tace. Mangwaro: a fere, a yanka, a murje naman, a matsa lemun tsami ɗaya ko biyu. Kada a bar mai tsami ya kwana cikin tukunyar dalma, don tsami yana cin ta, ɗanɗano ya ɓaci.

Wanda ba shi da firigo

Yawancin ƙauyuka ba su da kuran. Amma ƙanƙarar ruwa tana isa kasuwannin ƙauye a kan babur, a naɗe cikin buhu da ƙaiƙayi. Da ita da gishiri ana iya yin sorbe a gindin bishiya.

Ga dalili. In aka barbaɗa gishiri a kan ƙanƙara, tana narkewa da sauri, kuma wajen narkewar tana zuƙe zafin duk abin da ke kusa da ita. Haɗin kashi uku na ƙanƙara da kashi ɗaya na gishiri yana iya sauka har kusan digiri 21 ƙasa da sifiri. Wannan ya kai sanyin babban firigo. Da wannan dabara mutanen Italiya da Faransa suka yi ta yin sorbe shekaru ɗaruruwa kafin a ƙirƙiro firigo.

Ga lita ɗaya ana buƙatar kilo uku na ƙanƙara da kilo ɗaya na gishiri. Gishiri mai tsakuwa, mai araha, shi ya fi. Ko kantun Bilma da ake ba dabbobi in an daka shi ya yi, tun da ba zai taɓa abin sha ba. A nemi bokiti, da ƙaramin kwanon ƙarfe mai murfi wanda zai shige cikinsa ya bar fili kewaye. Kwanon roba ba ya saurin ɗaukar sanyi.

Da farko a bar haɗin ya huce sarai, a sa kwanon cikin randa ko a naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa. Wanda ya sa haɗi mai ɗumi ya yi asarar rabin ƙanƙararsa a banza. Sai a farfasa ƙanƙarar cikin buhu mai tsabta ta zama kamar ƙwallon goruba ko ƙasa da haka. A shimfiɗa kaɗan a gindin bokiti, a barbaɗa gishiri, a ɗora kwanon, a ci gaba da cika gefe: ƙanƙara, gishiri, ƙanƙara, gishiri, har kusa da bakin kwano amma kada ya kai murfi. A lulluɓe bokitin da buhu ko tsohon bargo.

Sai juyi. A riƙa juya kwanon cikin bokiti, bayan kowane minti biyar a goge murfin, a buɗe, a kankare abin da ya kama a jikin kwano da cokali, a gauraya shi da na tsakiya, a rufe. Cikin minti 20 zuwa 30 zai yi kauri har cokali ya tsaya. Abu biyu ake kiyayewa. Ɗigon ruwan gishiri kaɗan in ya shiga, ya ɓata aikin duka. Kuma ruwan bokitin yana da sanyin da zai iya ƙona fata, don haka a riƙe kwanon da tsumma, kada a bar yara su tsoma hannu.

Ruwan gishirin da ya rage kada a zubar a gindin itace ko a lambu, yana kashe shuka. A zuba shi cikin faranti a shanya a rana. Gishirin zai dawo, a sake aiki da shi.

Mai firigo kuwa tana da hanyar da ta fi wannan sauri. Ta yanka mangwaro ko kankana ƙanana, ta cire 'ya'yan, ta sa su daskare tun dare. Da rana ta zuba cikin turmi da sukari da ruwan lemun tsami, ta kirɓa minti biyar. Sai dai turmin ya zama nasa ne shi kaɗai. Turmin da ya saba da tonka da daddawa ba ya mantuwa.

Maganar kuran

Wutar da NIGELEC take rabawa a Maraɗi da Damagaram, babban sashenta ya daɗe yana zuwa daga Najeriya ta layin da ya taso daga Katsina ya sauka a Gazawa. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar, ba ta maido ba sai a watan Maris na 2024. Masu sana'ar ƙanƙara suna cikin waɗanda suka ji jiki. Wasu sun koma ga firigo mai aiki da hasken rana, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin mace ɗaya, sai dai ƙungiya ko adashi.

Yankewar wuta tana kawo wata ɓarna da ba a gani da ido. Ƙulli ya narke da dare, ya yi ɗumi, wuta ta dawo da asuba ya sake daskarewa. A ido lafiya lau yake. Amma ruwan zaƙi mai ɗumi gona ce ga ƙwayoyin cuta, musamman kunun aya, wanda yake lalacewa cikin 'yan awoyi. Abin da ya narke ya yi ɗumi, a haƙura da shi.

Sanyi ba ya tsarkake ruwa

Mutane da yawa suna zaton ƙanƙara ba ta ɗaukar cuta. Kuskure ne mai tsada. Sanyi yana kwantar da ƙwayoyin cuta ne, ba ya gamawa da su. In ƙanƙarar ta narke a ciki, sai su farka. Mutanen jihar nan sun san cutar amai da gudawa. A watan Yuli na 2018 ta ɓulla a Madarumfa, ta bazu har Gidan Runji da wasu gundumomi, ta kama mutane fiye da 3,000 a ƙasar. A 2021 ta sake dawowa. Cutar ta ruwa ce da hannu marar tsabta, kuma mace ɗaya mai ƙulla leda ɗari a rana tana shayar da gida ɗari.

Saboda haka ruwan haɗi ya zama na famfo ko na rijiyar burtsatse, kuma a tafasa shi ko a sa masa ƙwayar tsarkake ruwa da ake samu a likita. A wanke hannu da sabulu kafin a fara. Al'adar hura leda da baki don ta buɗe kafin a zuba, a bar ta; a yi amfani da mazurari. Ƙanƙarar da aka sayo a kasuwa, wadda ba a san ruwanta ba, wurinta bokiti ne, a wajen kwano. Kada a jefa ta cikin abin sha. Nan ma dabarar gishiri ta yi rana, don sanyin kaɗai ke ratsa ƙarfe. Yaron da gudawa ta kama kuwa, ba ƙanƙara mai zaƙi ake ba shi ba, don yawan sukari yana ƙara gudawar. Ruwan gishiri da sukari na likita ake ba shi, a kai shi a duba shi.

Sauran magana ta leda ce. Tun 2014 akwai doka a Nijar da ta hana shigowa da sayar da ledoji marasa kauri, amma duk wanda ya ga filin kasuwa bayan ta watse ya san inda dokar ta tsaya. Jar akuyar Maraɗi tana lasar zaƙin ledar ta haɗiye ta, ledar ta taru a tumbi, akuya ta rame ba a san dalili ba sai ranar yanka. Sorbe mai laushi ba ta buƙatar leda. Ana ɗiba da cokali a zuba a ƙaramin kofi, lita ɗaya ta cika kofi goma, mai saye ya sha nan take ya maido kofin, a wanke shi da sabulu da ruwa mai tsabta kafin na gaba.