Rigar shekarar da ka baro gida

Idan kana son sanin shekarar da Bahaushe ya sauka Gabon, ba sai ka nemi ganin katin zamansa ba. Ka tsaya a bakin Masallacin Hassan II da ke Libreville ranar Juma'a bayan an sallame, ka dubi wuyan riguna da tsayin huluna. Wanda ya zo tun zamanin marigayi Omar Bongo za ka gan shi da kaftani har idon sawu, faɗinsa ya ishi mutum biyu, aiki ya cika ƙirji. Wanda ya zo daga baya yana cikin ɗinkin sanata irin na farko-farko, mai dogon layi a gaba. Yaron da ya sauka bara kuwa, rigarsa ta zauna a jiki, aikin wuyan ɗan siriri, wandon bai taɓa ƙasa ba. Kowannenmu ya tsaya cak a kan yayin da ya baro.

Ba rowa ce ke jawo haka ba, ba kuma ƙauyanci ba. Shi yayi da ido ake ɗaukarsa: a wurin ɗaurin aure, a suna, a majalisar ƙofar gida, a filin Idi. A Kano ko Maraɗi ba ka ma sanin lokacin da ɗinkinka ya canza, tela ne zai ce maka "Alhaji, yanzu fa ba a yin wannan," shi ke nan. Mu a nan junanmu muke kallo, tsohon yayi yana kallon tsohon yayi, kowa na ganin daidai yake. Ga shi kuɗin da ya shigo hannu tuni yana da masu shi: na cefanen gida, na makaranta, na ginin da ake ta fama da shi, na sabunta takardu. Sannan telanka na gida yana riƙe da awon da ya yi maka shekara 10 da suka wuce a bayan wani tsohon littafi, da shi yake yanka duk yadin da ka aika, alhali tumbi ya fito ko kuma wahala ta zabge ka.

Wani zai ce to mene ne a ciki, ai neman kuɗi muka zo ba ado ba. Ni ban yarda ba, kuma ina da dalili.

Mutanen Libreville mutane ne masu kula da sutura. Ma'aikaciyar da za ta shigo shagonka a Mont-Bouët ko Nkembo, kafin ta tambayi farashi ta gama ƙare maka kallo daga hula zuwa takalmi, kuma da wannan kallon take yanke ko kayanka na asali ne ko jabu. Haka yake a banki, haka yake wurin mai gidan haya. Tun da majalisar ministocin ƙasar ta sanar a watan Agusta na 2025 cewa an keɓe wasu ƙananan sana'o'i ga 'yan ƙasa, da yawanmu zirga-zirgar ofisoshi ta ƙaru, ana ƙoƙarin daidaita takardun shago da rajista. Riga ba ta canza doka, wannan kam gaskiya ne, wanda takardarsa ba ta cika ba ko alkyabba ya sa ba ta cika ba. Amma duk wanda ya taɓa bin layi ya san yadda ake yi wa mai tsaf-tsaf magana daban take da yadda ake yi wa wanda ya shigo da riga ta koɗe, wuya ya yi baƙi.

Sai kuma 'ya'yanmu. Yaran da aka haifa a nan, masu karatu da Faransanci, suna auna kayan Hausa ne da abin da suke gani a jikinmu. In kullum abin da suka sani shi ne buhun riga mai nauyi da uba ke zufa a ciki, ranar da suka samu 'yancin zaɓe ba za su waiwaye shi ba. Wani maƙwabcina ya ɗinka wa ɗansa kayan Sallah irin nasa sak, yaron ya sa aka je Idi, ana dawowa ya tuɓe ya ninke, har yau ba a sake ganinsu ba. Da na tambaye shi, cewa ya yi, "Kawu, ni fa ba kaftanin na ƙi ba, wannan kaftanin na ƙi." Ya ciro waya ya nuna mini irin wanda samarin Kano ke sawa. Ashe ya fi ubansa sanin abin da ake yayi a gida.

To amma a nan ne wasu ke zamewa. Su ga hoto a Instagram ko a fim ɗin Kannywood, su ce a yi musu irinsa, sun manta wanda ke hoton a Kano yake, ƙila ma cikin hunturu. Libreville tana bakin teku, dab da tsakiyar duniya, ruwan saman da take samu a shekara ya kusa mita 3. Kano ba ta cika kai mita 1 ba, Maraɗi kuwa wajen rabin mita ne. In ka cire ɗan tsakanin Yuni zuwa Satumba da ruwa ke ɗaukewa gari ya yi lullumi, sauran watanni iskar kanta jiƙaƙƙiya ce. Zufa ba ta bushewa a jiki, wanki ba ya bushewa a igiya.

Shadda ita ce ta fi shan wuya. Gezna da muke alfahari da ita, wadda kamfanin Getzner ke saƙawa a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya, auduga ce mai kyau, amma ƙyallinta da ƙaurinta daga gyaran da ake yi wa fuskarta suke, kuma ruwa da zufa su ne maƙiyansu. A gida in ta sha wanki sai a sa sitaci a kai wa mabuga su dawo mata da fuska. A nan kafin ka samu mai bugun da hankalinka zai kwanta da shi sai ka yi da gaske. Ka sa ta da safe ka shiga tasi mutum huɗu a baya, kafin ka sauka bayanta ya manne, ta yi taswira. Mafi muni, sitaci abincin funfuna ne. Ka ninke shadda mai sitaci da ɗan danshi ka jefa akwati, bayan wata biyu ka buɗe ka tarar da ɗige-ɗigen baƙi da ba sabulun da zai fitar. Kuɗi ne masu yawa suke ruɓewa a ƙarƙashin gadajenmu ba mu lissafa su.

Don haka ni a ganina sabunta shiga a garin nan daga yadi ake farawa. A bar shadda ga Juma'a, Idi da ɗaurin aure. Na yau da kullum a nemi auduga zalla mara nauyi, ko boyal, ko lilin in aljihu zai ɗauka, duk da shi lilin akwai saurin yamutsewa. A guji yadin roba komai sheƙinsa, don cikinsa kamar leda yake. Mu 'yan kasuwa ne, bai kamata a cuce mu a nan ba: zare ɗaya za ka zara daga gefen yadin ka kusanta shi da ashana. Auduga tana ci da wuta, ta yi warin takarda, ta bar toka mai laushi. Roba narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Launi ma a duba. Fari tas yana da kwarjini, amma mota ɗaya ta taka kwatami a PK5 ta gama da shi. Ruwan toka, ruwan ƙasa, shuɗi mai duhu, ruwan zuma, duk suna jure yini a kasuwa, kuma su ne ma samari ke nema yanzu.

Bayan yadi sai yanka, kuma shi ne zuciyar maganar. Abin da ke sa mutum ya zama kamar tsohon hoto ba tsufan rigar ba ne, rashin zamanta a jiki ne. Ɗinkin kafaɗa ya tsaya inda kafaɗar ta ƙare, kada ya zubo dantse. Hannu ya tsaya a wuyan hannu. Tsayin kaftani ya ɗan wuce gwiwa zuwa tsakiyar ƙwauri, ba ya share ƙasa ba. Wando ya sauka a idon sawu, a rage masa faɗin ƙafa. Aikin wuya a sassauta, layi ɗaya ko biyu da zare mai launin yadin ya wadatar. Wannan duka ba ya buƙatar sabon yadi. Kaftani uku ko huɗu daga cikin tsofaffin da ke akwati, tela zai rage su a kuɗin da bai kai na yadi ɗaya ba. Abin da ba a taɓawa shi ne tsohon aikin ƙirji a jikin shadda, don in an warware shi sawun allura ba ya ɓacewa.

Sai dai a yi hattara da wuce gona da iri. Akwai ɗinkin da samari ke yi yanzu wanda mutum ba ya iya sunkuyawa ya ɗauki kwali, balle ya yi sujada cikin natsuwa. Dattijo mai 'ya'ya a sakandare ya matse kansa cikin irin wannan, wallahi abin dariya yake zama, kuma ba a gabansa za a yi dariyar ba. Ni in na je gwaji, a shagon telan nake durƙusawa in yi zaman tahiya. In wandon ya yi ƙara, a buɗe shi.

Babbar riga kuwa a ƙyale ta yadda take. Aska takwas mai aikin hannu ba ta san wani abu wai shi tsohon yayi ba. Ita dai a riƙa fito da ita tana shan iska.

Maganar tela tana da nata ciwon kai. Yawancin telolin da na sani a nan 'yan Senegal ne da Mali da Benin, kuma akwai gwanaye a cikinsu, amma hannunsu ya saba da nasu yankan: bubu mai faɗi, wuya mai zurfi. In ka ce "kaftani" kawai ka tafi, nasu zai yi maka. Kai masa rigar da ta zauna maka daidai ya kwafa, hoto kaɗai ba ya isa. In kuma telan gida ka fi yarda da shi, a sake auna ka a nan, ka tura sabon awon ta WhatsApp, ka ce ya yaga tsohon. A sayi yadin a Kantin Kwari, a ɗinka, a ba mai tahowa.

Hula ita ce gyara mafi araha. Zanna Bukar ko ƙube mai kyau guda biyu, launinsu ya ɗauko wani abu daga rigar, sun isa su canza mutum. A riƙa hutar da su, don gumin garin nan yana cin bakin hula. Takalmin fata kuma kada a rufe shi a leda, kwana kaɗan zai yi gashi fari.

Ban ce kullum sai kaftani ba. Ranar sauke kaya a tashar jiragen ruwa ta Owendo, shat da wando ne daidai, kuma a cikin gwanjon da 'yan Gabon ke kira mutuki ana tsintar masu kyau ƙwarai, in dai mutum zai tsaya ya zaɓi daidai jikinsa, ba wanda hannu ya fara kai wa ba. 'Yan uwanmu Hausawan Oyem da Bitam, waɗanda kakanninsu suka shigo ta Kamaru sama da shekara 100 da suka wuce, na lura sun daɗe da warware wannan: ranar aiki shigar aiki, ranar Juma'a kaftani da hula, ba wanda ke jin ya bar wani abu.

Ɓangaren mata na tambayi uwargida, don ba fagena ba ne. Ta ce su tasu matsalar da sauƙi ta wani gefen, domin atamfa yare ne da matan Gabon ma ke ji. Turmin Vlisco na Holan da Bahaushiya za ta yaba, shi maƙwabciyarta 'yar ƙabilar Fang za ta yaba, bambancin a ɗinki ne da mayafi. Inda ake barinsu a baya shi ne ɗaurin ɗankwali, wanda ke canzawa kusan duk Sallah. Ta ce har yanzu akwai masu zuwa biki da ɗaurin Zahra Buhari suna jin su ne kan gaba, alhali ya kwana biyu. Maganinsa kiran bidiyo ɗaya ne da ƙanwa a gida. Hijabin roba mai kauri kuma ta ce azaba ce a wannan zafin, gara mai sauƙi wanda ba ya nuna jiki. Abin da ya fi ɓata mata rai shi ne turamen lefe da ake jibgewa a akwati ana jiran "wata rana". "Alhaji," in ji ta, "a gida ajiya dukiya ce, a nan ajiya asara ce. A ɗinka a sa, ko a aika gida." Anko ma ta ce ba dole ba ne a shiga kowanne.

Ga wanda zai fara, lissafin da na ga yana aiki shi ne kaya biyu masu kyau a shekara maimakon biyar na roba, a rage tsofaffi uku, sauran da shekara biyu ba a sa ba a bayar tun suna moruwa. Abin da ya rage a rataye shi, kada a ninke, a bar ƙofar kabad a buɗe lokaci-lokaci, in rana ta fito a shanya. Mai niyyar ɗinkin Sallah daga gida kuma ya tura awo da kuɗi tun watan Rajab, don da zarar azumi ya kama, telan Kano ko wayar mahaifinsa ba ya ɗauka.