Budurwar da Ruwa Ya Gagara

Ga ƙishirwa, ga ruwa cikin kofi, ga zafin bazara yana ƙuna. Me zai hana mai ƙishi sha har mako shida? Zo mu bi sawu, mai karatu.

Sunanta Bertha Pappenheim, 'yar wasu attajirai a birnin Viyana na ƙasar Ostiriya. Likita Josef Breuer ya kula da ita daga 1880 zuwa 1882, kuma a rubuce ya sakaya sunanta da Anna O. Takan ɗauki kofin da zumuɗi ta kai bakinta. Da zarar ya taɓa leɓenta sai ta ture shi a firgice. 'Ya'yan itatuwa masu ruwa, irin su kankana, su suka riƙe ta. Idan an tambaye ta dalili, ita ma ba ta sani ba.

Na san inda zuciyarka ta tafi: haukan kare. Ai wanda mahaukacin kare ya ciza yana gudun ruwa. Sai dai wannan ciwo, idan ya kai nan, kwanaki kaɗan yake ba mutum. Ita kuwa ta yi mako shida da ranta. To, ko maƙogwaro ne ya toshe? Da kankana ma ba ta wuce ba. Ko baƙin ciki ne, tunda ta daɗe tana jinyar mahaifinta, wanda ya rasu a Afrilun 1881? Wannan zato ya fi kusa, ni ma na so in tsaya a kansa. Amma baƙin ciki abinci yake hanawa gaba ɗaya. Me ya haɗa shi da kofi?

Riƙe maganar karen nan, kada ka yar.

Bertha takan faɗa wani irin magagi da maraice, Breuer kuma yakan zauna ya saurara. Wata rana cikin magagin ta fara gunaguni. Kan wata Baturiyar Ingila ce da aka ɗauka ta riƙa zama da ita. Ba ta ƙaunar matar. Ta taɓa shiga ɗakinta. Ta ga wani abu. Murya ta ɗaga.

Ɗan karen matar ne, yana lasar ruwa daga kofi.

Ƙyama ta cika ta a ranar, amma ba ta ce uffan ba, don kada ta zama marar ladabi. Ta haɗiye maganar, sai ruwa ya ƙi haɗiyuwa. Yanzu da ta amayar da fushin da kakkausar murya, a gaban mai saurare, sai ta nemi ruwa. Ta kwankwaɗa sosai. Ta farka kofi na bakinta, matsalar shan ruwa kuma ba ta dawo ba.

Ina maganin yake, a magagin ko a tunawar? A littafin da Breuer da Sigmund Freud suka fitar a 1895 sun nuna cewa tuna abu ba tare da zafinsa ba kusan ba ya amfanin komai, sai an furta shi da fushin ko kukan da aka danne. Freud ya ajiye sa mutane magagi, ya koma zama bayan mara lafiya inda ba a ganin fuskarsa. Aka bar murya da kunne kawai. A ganina nan ne aikin warkarwa da magana ya sami gindinsa, ko da yake Bertha ba ta warke sarai ba: a 1882 an kwantar da ita a wani asibiti a Suwizalan, kafin ta murmure ta kafa ƙungiyar matan Yahudawa ta Jamus a 1904.

Saura tambaya ɗaya. Me ya ba murya wannan ƙarfi? Amsar na wurin jarirai. Ɗan tayi yana ji tun watannin ƙarshe na ciki, kafin ya ga fuskar kowa. A 1980 a Amurka, Anthony DeCasper da William Fifer suka ba jariran da ba su wuce kwana uku ba robar tsotso da aka haɗa da na'urar sauti. Yadda jariri ya tsotsa ne zai kawo masa muryar uwarsa ko ta wata mace. Galibinsu sai suka sauya tsotson don su ji ta uwar.