Gaskiya ko Jita-jita: "Aikin Shaiɗan Ne"

Duk dattijon ikilisiya da ya taɓa zama a kwamitin horo ya san maganar. Ko ciki ne ya fito kafin aure, ko ma'aji ne ya taɓa kuɗin baiko, da an tambayi mai laifi sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, aikin Shaiɗan ne."

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Matiyu da Luka duk sun ba da labarin yadda Iblis ya jarabci Yesu a jeji, inda ya yi azumin kwana 40. Sai dai wasiƙar Yaƙub, sura 1, ta nuna cewa muguwar sha'awar mutum ce ke jan sa har ta haifi zunubi. A duba labarin Dawuda da Batsheba a 2 Sama'ila 11 da 12: daga yawon da ya yi a kan soro da yamma, sojojinsa suna bakin daga, har zuwa kisan Uriya, ba a ambaci Shaiɗan ko sau ɗaya ba. Da annabi Natan ya tsare shi, Dawuda bai nemi wanda zai ɗora wa ba. A ganina, mai kiran sunan Shaiɗan a gaban dattawa sassauci yake nema, tuban na nan tafe.

Wasu kuma, musamman matasa, da mugun tunani ya gilma musu sai su ɗauka sun riga sun faɗi, har su ƙaurace wa jibin Ubangiji. Wannan jita-jita ce. Ibraniyawa 4:15 ta ce an jarabci Yesu ta kowace fuska, bai kuwa yi zunubi ba.

To azumi da kaɗaici fa, suna kashe sha'awa? A tambayi Jerom, malamin da ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin. Ya bar birni ya shiga hamadar Siriya, ya yi ta azumi har ya rame ya bushe. A wata wasiƙa ta shekarar 384 ya amsa da kansa cewa a can ɗin ma, cikin kunamu da namun daji, 'yan matan Roma masu rawa yake gani a ransa. Abin da ya taimaka masa, in ji shi, shi ne wahalar koyon Ibrananci, wadda ta cika masa kai. Akwai ma waɗanda suka kai ga dandaƙe kansu, har taron ikilisiya na Nikiya na 325 ya sa dokarsa ta farko a kan haka: wanda ya aikata da gangan ba zai riƙe muƙamin limanci ba. Masana halayyar ɗan Adam sun iso inda Jerom ya iso daga baya. A 1987 Daniel Wegner ya hana mutane tunanin wata farar dabba, sai ga shi ita ce ta yi ta dawo musu.

Shi ya sa maganar "mai bangaskiya ba ya gudu" ba ta da tushe. Yusufu ya bar rigarsa a hannun matar Fotifar ya ranta a na kare, Bulus kuma ya umarci Korintiyawa su guji fasikanci, bai ce su zauna su gwada ƙarfinsu ba. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, ko da makahon shugaban mawaƙa ne.

Saura wadda ake faɗa a gidan makoki: Allah ba ya ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa. Ayar da ake jingina da ita, 1 Korintiyawa 10:13, tana cikin gargaɗi ne kan bautar gumaka da fasikanci, alkawarinta kuwa mafita ce daga jaraba. Bulus ɗin nan dai, a 2 Korintiyawa 1:8, ya ce wahalar da suka sha a Asiya ta fi ƙarfinsu, har suka fid da ran za su rayu.