Yadda Wayarka Ke Sanin Inda Kake Ko Babu Data, da Abin da Ya Haɗa Ta da Einstein

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a rumfar masu cajin waya da majalisun samari. Wani zai buɗe Google Maps, ɗigon nan mai shuɗi ya fito daidai kan layinsu, sai ya ce ai tauraron ɗan adam ne ke kallonsa daga sama. Wani ya ce a'a, kamfanin layi ne ke faɗa wa wayar, shi ya sa sai da data. Sai na uku ya kashe data, ya yi tattaki zuwa bakin titi, ɗigon kuwa yana biye da shi. Nan kowa zai yi tsit.

Maganar gaskiya, wayarka ce ke lissafa inda take da kanta. Babu tauraron da ke kallonta. Kuma abin da take aunawa kafin ta gano wurin shi ne lokaci.

Su wane ne a sama?

GPS tsari ne na Amurka, sojojinta suka gina shi, su ke kula da shi har yau. An harba tauraronsa na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995. Taurarin sun kai wajen 30, suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kowanne yana zagaye duniya sau biyu a rana. A da, da gangan ake gurɓata siginar da farar hula ke samu don kada ta yi daidai sosai, sai a watan Mayun 2000 gwamnatin Bill Clinton ta daina hakan.

Yanzu ba Amurka kaɗai ke da irinsa ba. Rasha na da GLONASS, Tarayyar Turai na da Galileo, Sin kuma na da BeiDou da ta kammala a 2020. Yawancin wayoyin zamani suna sauraron biyu ko fiye daga cikinsu a lokaci guda, mu dai mun saba kiran su duka GPS.

Aikin kowane tauraro ɗaya ne, kamar mai shela a kasuwa: dare da rana yana maimaita sunansa, da wurin da yake, da ainihin lokacin da ya aiko saƙon. Ba ya jiran amsa daga kowa.

Daga walƙiya zuwa tsawa

Da damina, idan ka ga walƙiya ka fara ƙirga har ka ji tsawa, za ka iya sanin nisan inda ta faɗi. Kowane sakan uku daidai yake da kusan kilomita ɗaya, domin sauti na tafiyar mita 340 da 'yan kai a sakan. Ka auna jinkiri, ka san gudu, ka samu nisa.

Haka wayarka ke yi, sai dai siginar rediyo gudun haske take yi, wato kusan kilomita 300,000 a sakan ɗaya. Saƙon tauraron da ke saitin kanka yana isowa cikin kimanin kashi 7 cikin 100 na sakan. Wayar za ta duba lokacin da aka aiko shi da lokacin da ya iso, ta fitar da nisan da ke tsakaninku.

Nisa ɗaya ba ya isa. A ce an gaya maka kana kilomita 100 daga Kano. Wannan da'ira ce, kana iya kasancewa ko'ina a kanta. Idan aka ƙara da cewa kana kilomita 150 daga Kaduna, da'irorin biyu za su haɗu a wuri biyu kacal. Da an faɗi nisanka daga Katsina, magana ta ƙare, wuri ɗaya ya rage.

Me ya sa sai taurari huɗu?

Tunda uku sun isa a misalinmu, me ya kawo na huɗu? Matsalar agogo ce. Kashi ɗaya cikin miliyan na sakan, wanda ake kira maikrosakan, haske na cin mita 300 a cikinsa. Shi ya sa taurarin ke ɗauke da agogon atom, wanda ke ƙirga lokaci da kaɗawar ƙwayoyin sinadarin rubidiyam ko siziyam. Agogon wayarka kuwa ɗan ƙaramin dutsen kwaz ne mai araha, irin na agogon hannu. Idan ya yi kuskuren kashi ɗaya cikin dubu na sakan, ya jefa ka kilomita 300 daga inda kake.

Don haka wayar ba ta yarda da agogonta. Abubuwa huɗu take ɗauka a matsayin waɗanda ba ta sani ba: gabas da yamma, kudu da arewa, tudu, da kuma kuskuren agogon nata. Da siginar taurari huɗu take warware su gaba ɗaya. Idan ta samu goma ko ashirin, lissafin ya ƙara kyau.

Inda Einstein ya shigo

A 1905 Albert Einstein ya nuna cewa agogon da ke gudu da sauri yana tafiya a hankali idan aka gwada shi da wanda ke tsaye. A 1915 ya ƙara da cewa agogon da ke inda jan duniya ya yi rauni yana sauri fiye da wanda ke ƙasa. Ba lalacewa agogon ke yi ba, shi kansa lokacin ne ke bambanta.

Taurarin GPS abubuwan biyu duk sun same su. Suna gudun kusan kilomita 14,000 a awa, wannan na sa agogonsu ya yi baya da maikrosakan 7 a kullum. Suna kuma can nesa inda jan duniya ya ragu, wannan na tura agogon gaba da maikrosakan 45. Ka cire 7 daga 45, saura 38. Kullum ta Allah agogon tauraron yana wuce na ƙasa da maikrosakan 38.

Kamar ba komai ba, ko? To ka tuna kowane maikrosakan mita 300 ne. Maikrosakan 38 sun haura kilomita 11 a ma'aunin nisa, a rana ɗaya tak. Shi ya sa tun kafin a harba tauraron ake ɗan rage saurin agogonsa, ta yadda idan ya isa sama zai yi daidai da na ƙasa. Einstein ya rasu a 1955, bai ga ko tauraron ɗan adam na farko ba, amma duk mai kai saƙo a babur da ya same ka da taswira, da lissafinsa ya zo.

To ina amfanin data?

Sauraron tauraro kyauta ne, ba ya cin ko kilobait ɗaya. Data na yin aiki biyu ne. Na farko, ita ke sauko da hoton taswirar, wato tituna da sunayen unguwanni. Idan babu ita za ka ga ɗigon a kan fili fari fat, sai fa idan ka riga ka ajiye taswirar garin a wayarka, abin da Google Maps ke ba da damar yi.

Na biyu, tana gaggauta aikin. Taurarin GPS suna aiko bayanin hanyarsu a hankali ƙwarai, bit 50 a sakan, don haka wayar da ba ta da intanet tana iya ɗaukar rabin minti ko mintuna kafin ta gano kanta. Mai intanet kuwa nan take take sauko da bayanin, ta haɗa da na turakun sabis da Wi-Fi na kusa.

Me ke sa ɗigon tsalle-tsalle?

Siginar da ta yi tafiyar kilomita dubu ashirin a raunane take isowa. Rufin kwano da dakin suna tare ta. A cikin kasuwa mai benaye, tana dukan bango ta dawo kafin ta iso wayar, tafiyar ta ƙara tsawo, sai wayar ta ɗauka kana tsallaken titi.

Akwai kuma wani sashe na saman iska mai cike da caji da ke jinkirta siginar. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya, irin su Najeriya, wannan sashe ya fi rikicewa bayan faɗuwar rana. Sababbin wayoyi suna rage matsalar ta sauraron zango biyu, L1 da L5, su gwada bambancinsu. Xiaomi Mi 8 ce ta fara zuwa da wannan a 2018.

Wa ke ganinka ke nan?

Tauraro bai san da zamanka ba, kamar yadda gidan rediyo bai san wanda ya kunna akwatinsa ba. Amma da zarar wayar ta lissafa wurin, duk manhajar da ka ba izini tana iya aika shi ta intanet. Nan ne ya kamata ka sa ido.

Shiga saitin wayarka, ka duba manhajojin da ke da izinin ganin wuri. Manhajar tocila ko ta gyaran hoto ba ta da hurumi a nan. Wadda ke buƙata, ka ba ta izini na lokacin da kake amfani da ita kawai. Ka sani kuma kyamara na iya liƙa wurin da aka ɗauki hoto a cikin fayil ɗinsa, idan ka tura shi a matsayin fayil sai ya tafi da adireshin gidanku. Sannan ko ka kashe GPS, kamfanin layinka ya san turken da wayarka ke magana da shi.

Wannan fasahar kuma tana da ranarta. Idan za ka kama doguwar hanya, tura wa wani na gida wurinka kai tsaye ta WhatsApp, ya riƙa ganin inda ka kai.

Gwada da kanka

Idan kana da Android, sauke manhajar GPSTest. Ka kashe data, ka fita tsakar gida inda sama take a buɗe, ka ɗan jira. Za ka ga taurarin suna bayyana ɗaya bayan ɗaya, kowanne da tutar masu shi da ƙarfin siginarsa. Daga nan ka koma cikin ɗaki, ka ga yadda ƙarfin ke zubewa. Gobe idan gardamar ta sake tashi a majalisa, ba sai ka ɗaga murya ba, miƙa musu wayar kawai.