Kalmar "Martaba": Ma'anarta, Asalinta da Furucinta

Da wuya a yi yini guda mai sauraron rediyo bai ji an ce "Mai Martaba Sarki" ba. Yawan jin kalmar ya sa ɗalibai suna ɗaukar cewa sun san ta ciki da bai, sai an tambaye su asalinta ko karin sautinta a ga ido ya raina fata. Don haka ya kamata mai shirin zama malamin Hausa ya tsaya ya nazarce ta.

Martaba suna ne, jinsin tamace, jam'inta martabobi. Tana nufin girma da ƙimar da jama'a suke ganin mutum da su saboda sarauta ko ilimi ko shekaru ko kyawun hali. Tana kusa da daraja da muƙami, amma ba ɗaya suke ba. Ana iya cewa zinari yana da daraja, ko darajar naira ta faɗi, amma Bahaushe ba ya cewa martabar goro ta tashi a kasuwa. Muƙami kuwa kujera ce da ake bayarwa, ake kuma karɓewa. Sau da yawa akan sauke mutum daga muƙami ya tafi da martabarsa, wani kuma yana kan kujerar martabarsa ta zube. A fagen girmamawa an keɓe "Mai Martaba" ga sarakuna, "Mai Alfarma" ga Sarkin Musulmi, "Mai Girma" kuma ga gwamna ko shugaban ƙasa, kuma kuskure ne a musanya su a wasiƙa ko jawabi.

Kalmar ararriya ce daga Larabci. Saiwarta baƙaƙe uku ne, wato r-t-b, masu ɗauke da ma'anar tabbata da jeruwa daki-daki. Daga wannan saiwa Hausa ta sami tartibi, da ratibi, wato limamin da aka tsayar don salloli biyar. A Larabci martaba tana bisa awo ɗaya da madrasa da maktaba, sunaye ne na wuri, don haka asalin ma'anarta ita ce matakin da abu ya tabbata a kai cikin jeri.

A nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Ganin ma- a farkon kalmar, sai su ce ai ɗafa-goshin Hausa ne, irin na matsayi da mazauni da makaranta. Gwajin mai sauƙi ne. Idan aka cire ma- daga matsayi za a koma ga aikatau tsaya, daga mazauni kuma zauna. Idan aka cire shi daga martaba sai a sami rtaba, wadda ba ta da ma'ana, ba ta ma furtuwa, domin gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere. Ashe da ma- ɗinta aka aro ta. Kamannin kuwa ba haɗari ba ne: Hausa da Larabci dangi ne a rukunin harsunan Afro-Asiya, kuma duk sun gaji wannan ɗafi na sunan wuri.

Wajen furuci, gaɓoɓinta uku ne: mar-ta-ba. Ta farko rufaffiya ce, ta biyu buɗaɗɗiya mai gajeren wasali, ta ƙarshe mai dogon wasali. Sautin r da ke cikinta ra-gare ne, kamar na daraja da sauran kalmomin Larabci, ba ra-kaɗe irin na ruwa ba.

Karin sauti shi ne abin lura, domin Hausa ta ƙirƙiri aikatau daga kalmar, kuma daidaitaccen rubutu bai bambanta su ba. Dubi waɗannan:

Sarki yana da martaba. (sama-sama-ƙasa)
Sarki ya zo, kowa ya martaba. (sama-ƙasa-sama)

Ta farko suna ce, ta biyu aikatau. Yaron da ke magana da Hausa tun daga gida yana furta su daidai ba tare da ya lura ba, amma ɗalibin da ya koye ta daga littafi yakan haɗa su. A aji, gara malami ya furta jumlolin biyu da bakinsa, ɗalibai su maimaita, kafin ya rubuta komai a allo.