Bayani a kan Ƙaurar da Windows Zuwa Sabon Ma'aji

Ya 'yan'uwa malamai da fatake, ku sani tsohon faifan kwamfuta juyawa yake yi, sau 5400 ko 7200 a minti, shi ya sa yake da nawa. Sabon, wanda ake kira SSD, babu abin da ke motsi cikinsa.

Wanda ya kwashe fayiloli kurum ya zuba, kwamfutarsa ba za ta tashi ba, domin akwai ɓoyayyen sashe mai tayar da Windows. Sai a kwafe faifan ɗungurungum da manhaja irin Clonezilla. Almajiri ba ya wanke allo sai hadda ta zauna. To, kada a goge tsohon sai sabon ya tashi. A kula ƙwarai wanne ne asali, wanne ne sabo, domin in aka juya su, littattafai da lissafin bashi duka sun salwanta.